Makullin Tafki Na Uku

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Inna da yara.

Kin tambayi aikina. Tafkuna uku nake kula da su a bayan kamfanin takarda. Ruwan da aka dafa itace da shi yakan fito baƙi wuluk, yana kumfa, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. In zuba masa magani, inji ya hura masa iska, dattin ya kwanta, sannan in buɗe masa hanya zuwa kogi. Abokin aikina ya yi ritaya, ba a kawo wani ba. Sai in wuni ban ce uffan ba. Ko wajen cin abinci matsawa ake yi, wai warin ya kama rigata.

Naki,
Auta

Auta,

Muna amsawa. Kai da ko kwanonka ba ka wankewa, yau kai ne mai wanke ruwa? Allah mai iko!

Wasa a gefe. Inna ta kwanta, ƙafafunta sun kumbura, abinci sai da lallashi. Motsi kaɗan ta ce, "Auta ne?" Ka nemi hutu ka taho.

Yayarka

Yaya,

Ina gaisuwa. Wasiƙarki ta same ni ranar da injin iska ya tsaya. Manaja ya zo da kansa, ya toshe hanci da hankici, ya ce, "Buɗe kawai, kogi zai tafi da shi." Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙauyuka huɗu ne ke sha a ƙasa." Na jefa makullin ƙofar tafki na uku, wadda ke sakin ruwa zuwa kogi, a aljihu.

Da yake babu inda za a zuba ruwan, an dakatar da aiki a kamfanin, ma'aikata sun daina amsa gaisuwata. Na san ina juya baya za a fasa kwaɗon. An ce kayan gyara sai nan da kwana goma. Don Allah ki roƙar mini Inna ta yi haƙuri.

Auta

Ƙanena,

Sai haƙuri. Inna ta rasu ranar Talata da hantsi, an kai ta bayan azahar.

Sau biyu ta sa na karanta mata wasiƙarka. Na ce zan aika a taho da kai ko da tsiya, ta riƙe hannuna ta ce, "Ƙyale shi, mutane yake tsarewa."

Na rufe ɗakinta. Ba zan taɓa komai ba sai ka zo.

Yayarka