Rasuwar Malam Zayyad Tukur da Aikin Python da Ya Bari

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Masu Rubuta Manhajar Kwamfuta ta Ikara, Makarfi da Kudan ta samu labarin rasuwar shugabanta na farko, Injiniya Malam Zayyad Tukur Hunkuyi, wanda Allah Ya yi wa cikawa da hantsin Talata, 19 ga Agusta, 2025, yana da shekara arba'in da ɗaya, bayan jinyar kwana tara.

Shekara shida marigayin ya yi yana koyar da Python, harshen da ake rubuta manhaja da shi a faɗin duniya, duk Asabar bayan ya taso daga gona. Ba shi ya ƙirƙiri harshen ba, kamar yadda ake yaɗawa a waya tun jiya. Da yana raye, shi zai fara gyara wannan maganar. Abin da ya yi shi ne, kowace shekara kafin sabon samfurin Python ya fito a watan Oktoba, yakan sa na gwaji a tsofaffin kwamfutocinmu, ya aika wa masu kula da harshen duk matsalar da ya gani. Yakan ce muddin masu tsohuwar na'ura da ƙarancin wuta suka yi shiru, za a ci gaba da gina harshen babu mu a ciki.

Ya kuma ɗauki fassarar littafin koyon Python zuwa Hausa. Cikin babi goma sha shida, ya kammala goma sha ɗaya.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga mai ɗakinsa, Malama Zulaihatu, da 'ya'yansa uku, da yayansa, Alhaji Inuwa Tukur, da ɗaukacin jama'ar Hunkuyi. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka makwancinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri da juriyar wannan babban rashi.

Da izinin Alhaji Inuwa, muna da roƙo ɗaya. Fassarar nan ba ta ko'ina sai cikin kwamfutarsa, baƙa mai tsagaggen murfi. Kwana biyu kafin ya kwanta jinya ya kai ta gyara Makarfi, bai faɗa wa kowa shagon ba. Mun san sau da yawa masu gyara da goge komai suke farawa. Don Allah, mai gyaran da take hannunsa kada ya goge ta, kada ma ya kunna ta. Ya kai ta gidan marigayin a Hunkuyi. Kwamfutar ta magada ce. Babi goma sha ɗayan nan kawai muke roƙo.

Naja'atu Ukasha Saulawa
Jami'ar Hulɗa da Jama'a