Geron Hafsatu

Daren Laraba, Roni

Yau ma na ɗaura buhun gero a babur na nufi Kazaure, kamar yadda alƙali ya ɗora mini tun rabuwata da uwar Hafsatu. Kakarta ta leƙo zaure ta ce, "Malam, ka manta ne? Alƙali cewa ya yi ka ciyar har ta tare. Ai 'yarka tana ɗakinta a Ɓaɓura."

Ban manta ba. Shekaru ina ƙunƙuni da buhun nan, ashe shi ke buɗe mini zauren. Da na rufe ido sai in ga Hafsatu tana ƙarama, ta taho mini da kwanon ruwa a hankali, kada ya zube.

Yanzu wa zai sake kai ni ƙara, in samu dalilin zuwa wurin 'yata?