Farin Ciko da Goron Baba Sale

Talata, bayan isha'i

Baba Sale mai hatsi a Muda Lawal ya dawo asibiti yau. Bara na cike masa haƙoran gaba biyu da suka yi kogo, kowanne da irin farin ciko daban, don in ga wanda zai fi jure goro. Na dama yana nan fari fat. Na hagu ya rine, ya yi ja.

Na ce, "Baba, na hagun nan sai an canza shi."

Ya karɓi madubi, ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Likita, ai wannan ne ya zama nawa. Farin za ki cire, duk kasuwa an san ciko ne."

Na ce ya dawo Alhamis. Har yanzu ban rubuta wanne ciko ya fi ba.