Zuciyar Kwaɗo a Tebur na Huɗu

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan kana lafiya, kai da Anti da 'yan biyu. Na san sai ka juya ambulan ɗin nan sau biyu kafin ka yarda rubutuna ne. Wata tara ke nan ban ɗaga wayarka ba, kuma har yau ba na jin zan iya sauraron muryarka, shi ya sa na ɗauki biro.

Karatu lafiya lau. Wannan zangon muna darasin yadda jikin dabba yake aiki, duk Laraba da hantsi muna ɗakin gwaji. Mai kula da ɗakin wani dattijo ne, ɗalibai sun laƙaba masa Mai Kwaɗi, shi kuma yana amsawa har da murmushinsa. Larabar nan ya ajiye wa kowane tebur kwaɗo ɗaya, bayan ya lalata musu ƙwaƙwalwa da allura don kada su ji zafi. Muka buɗe ƙirjin namu. Yaya, zuciyar tana bugawa.

Na ce masa kwaɗon nan bai mutu ba. Ya ce, "'Yata, kwaɗo ya tafi tun ɗazu. Ita zuciya ba ta jiran umarnin kowa, da kanta take bugawa. Ku dai riƙa ɗiga mata ruwan gishirin nan, sai ta kai la'asar tana yi."

'Yan teburinmu, tebur na huɗu, suna ta ƙirga bugu, ni kuwa ba kwaɗo nake gani ba. Gadon Baba nake gani a asibiti, da koren layin nan na na'urar auna bugun zuciya yana hawa yana sauka, ranar da likita ya ce ƙwaƙwalwarsa ta mutu, ka sa hannu aka cire masa injin numfashi. Na ce maka zuciyarsa tana bugawa, na kira ka mai kisa a gaban mutane. Ban manta ba.

Tun daga Larabar, ko famfo ke ɗiga sai in ji bugun nan. Ban san abin da ya sa nake gaya maka ba. Ba sai ka ba ni amsa ba.

Ƙanwarka,
Auta

Yayana,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan tarin da Anti ta ce yana damunka ya yi sauƙi. E, ita nake tambaya a ɓoye, kada ka yi mata faɗa. Ni na ce ba sai ka amsa ba, amma kullum sai na leƙa akwatin wasiƙu kamar wawiya.

Jiya mun maimaita gwajin, kuma ni aka ba kwalbar ruwan gishirin. Ƙa'idar ɗakin ita ce, wanda ya riƙe kwalba shi zai ajiye ta in an tashi, ya tsaya ya rubuta lokacin bugun ƙarshe. Sha biyu ta yi, kowa ya wanke hannu ya fice. Na kasa ajiyewa. Na yi ta ɗigawa har ƙarfe biyu, kafaɗata kamar za ta cire.

Mai Kwaɗi ya jawo kujera ya zauna kusa da ni, bai ce in yi sauri ba. Can ya ce, "Ba rai kike ba shi ba, 'yata, hannunki kawai kike gajiyarwa. Amma ba zan karɓar miki ba. Wanda ya riƙe, shi ke ajiyewa."

Na ajiye. Minti goma sha tara ta ɗauka, tana yi tana hutawa, sau biyu ina zaton ta tsaya sai ta sake motsi. Da ƙyar na rubuta lokacin. Kwaɗo ne fa, Yaya, kuma ga mutum zaune a gefena, babu wanda ya zage ni.

Kai Baba ne a gabanka. Ka yafe mini, don Allah. Na zalunce ka, kuma kunya ta hana ni sakat. Nan da mako biyu za a yi hutu, gidanka nake son sauka in ka yarda. In ba ka yarda ba, ban ga laifinka ba.

Abu ɗaya ne ban taɓa tambayarka ba. Ranar nan da na fita da gudu, Anti ta bi ni, likita ma ya fito ya ja ƙofa. Wa ya zauna kusa da kai har layin ya miƙe?

Ki gaida 'yan biyu, Anti, na san tare kuke karantawa.

Taka har kullum,
Auta