Bargo Mai Jan Zare

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya jikin Inna? Ƙafar ta sake ta kuwa?

Ni lafiya lau, kada ku sa damuwa a ranku. Har yanzu ina shagon ɗinkin nan na bayan tashar jiragen ruwa. Tunda gwamnatinmu da ta ƙasar nan ba sa ga maciji, bargon da aka saƙa a nan ba ya shiga ƙasarmu da sunan nan. Aikina in farke tambarin, in ɗinka na wata ƙasa, a zagaya da shi ta can. Mai shagon kuwa waƙoƙinmu yake kunnawa tun safe, yana bi da baki, ko kalma ɗaya ba ya ji.

Maganar zuwa auren Auta, da wuya. Fasfona ya ƙare. Ba mu da ofishin jakadanci a nan, namu da ke ƙasar maƙwabta kuma ba a tsallakawa wurinsa sai da fasfo mai rai. Ana dai neman hanya. Ki ce wa Inna aiki ne ya yi yawa.

Roƙona ɗaya. Ki shiga layin masu barguna a kasuwa, ki riƙa juya su. Wanda kika ga an ɗinke tambarinsa da jan zare, kusurwa ɗaya a karkace, hannuna ne; kin san ni da kusurwa. Ki saya wa Inna ta lulluɓa. Shi dai an bar shi ya zo gida.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki,
Tela