Manhajar Shagona Ta Kira Surukina Aski

Gwaggo, don Allah ki cece ni, na ɗebo abin da ya fi ƙarfina.

Ni mai aski ne, shagona kujera biyu ne da madubi ɗaya. Akwai manhajar da nake biya duk wata tana tsara mini layin kwastomomi. Kwanaki na ga babban tsarinta mai tura wa mutane saƙo da kansa, raina ya biya, na danna. Nan take aka cire mini kuɗi a tsakiyar wata, alhali na riga na biya na watan. Wannan ma ya tsaya mini a rai, amma ba shi ya kawo ni ba.

Ashe duk lambobin wayata ta kwashe, har da ta baban matata. Gwaggo, mutumin nan ko ido ba na iya haɗawa da shi, kuma sanƙo ne da shi tas, ɗan gashin da ya rage na bayan kunne ne. Sai ga saƙo ya je masa da sunana, wai gashinsa ya taru, an yi kewarsa, kujera na jiransa. Da matata ta faɗa mini, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na zaci zai yi fushi. Ina! Washegari sai ga shi ya sha turare, ya cire hula ya zauna. Na dinga zagayawa da injin aski a kan da babu gashi, ina haɗa zufa. Yanzu duk saƙon da ya shiga sai ya zo, ya ba mu labarin aikinsa na dā, ya tsoma baki a gardamar ƙwallo. Matata ta ce tun rasuwar mamarta bai taɓa fita haka ba, har nuna wa abokansa saƙon yake, wai surukinsa na tunawa da shi.

In na koma ƙaramin tsari saƙo zai tsaya, ya ɗauka na gaji da shi. In na zauna, kuɗin ya fi ƙarfin shagon, kuma ina jin kamar yaudararsa nake. Yaya zan yi?

Mai Aski Cikin Zufa

Ɗana,

Na yi dariya har da ƙwalla, ka yafe mini.

Batun kuɗi tukuna. Da alama ba a caje ka sau biyu ba, cikon da ke tsakanin tsarin biyu aka cire na kwanakin da suka rage. Duba rasit ɗinka ka tabbatar. In ka nemi komawa ƙarami, galibi sai ƙarshen watan da ka biya zai fara aiki. Ka yi kafin ranar sabuntawa, don ita manhaja ba ta san sabo ba, cirewa kawai take.

Gaskiyarka, bai kamata shago ya durƙushe saboda kunya ba. Amma shi ma dattijon ba aski yake zuwa nema ba, kai ma ka sani. Wurin zama ya samu da masu sauraronsa.

Don haka ka sauka zuwa ƙaramin tsarin, sannan ka ɗauki wayarka ka rubuta masa da hannunka, ka gaishe shi da ladabi, ka ce ana jiransa a shago. Ranar da ka yi haka, abin da yake nuna wa abokansa ya zama gaskiya.

Allah ya yi wa sana'arka albarka, ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana.

Gwaggonku