Ƙwayar Fitsari da Kunyar Inna

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kina cikin rahamar Allah. Na san ba za ki karanta wannan ba. Ko kina raye ma ni zan karanta miki, kina tsintar wake kina cewa in ɗaga murya.

Mutanen gida lafiya. Bana ma damina ba ta yi ba, ruwa ya ɗauke gero yana bununi. Yaya Sani ya sayar da akuyarki, ya tafi Watari yana tsinkar tumatir a gonar mutane. Ƙanwata Binta ta haihu, mace, an sa mata sunanki. Na karɓe ta, na yi mata addu'a, na mayar wa uwarta. Ban ji komai ba.

Kin tuna lokacin da muka kai ki asibiti Kano, ƙafafunki sun kumbura kamar turmi, ba kya iya barci sai a jingine? Likita ta ce zuciya ce ta gaji, ruwa ya taru a jiki. Ta rubuta miki 'yar farar ƙwayar nan mai sa fitsari. Ba a jima ba takalminki ya shige ki. Har kasuwar Ɗanbatta kika ci da ƙafarki.

Sai hatsi ya ƙare a rumbunki, muka dawo da ke gidanmu. Banɗakinmu yana bayan rumfar da maigidana Malam Idi yake zama, ke kuma ba za ki yi ta giftawa gaban surukinki da buta ba. Ƙwayar ba ki fasa sha ba, tunda likita ce ta ce. Ruwan kika daina sha, ana tsakiyar bazara. In na miƙo miki moɗa sai ki jiƙa leɓe ki ce kin ƙoshi. Sai gudawa ta zo ta kwashe ɗan abin da ya rage.

Da muka koma asibiti, likitar ta zaunar da ni ta yi min bayani. Ta ce ƙoda tana tace jini ne, ta fitar da datti, ta mayar wa jiki da yawancin ruwa da gishirin. Ƙwayar tana hana ta mayarwa, shi ya sa kumburi yake sacewa. Amma in jiki ya bushe, jinin da yake isa ƙodar sai ya ragu, ta rasa abin tacewa, dattin ya zauna a jini. Taki ta riga ta jigata. In an tsayar da ƙwayar ruwa ya cika miki ƙirji, in an ci gaba ƙodar ta ƙara lalacewa. Ta ambaci wankin ƙoda da kuɗin da zai ci. Na kalli Yaya Sani, shi kuma ya kalli ƙasa. Ni dai ina ta gyaɗa kai kamar ana kwatanta min hanyar wani gari.

A gadon asibitin kika raɗa min dalilin da ya sa kika daina shan ruwa, har kina murmushi. Ban amsa miki ba. Yanzu zan amsa. Haushinki na ji, Inna. Buta fa? Wa zai ga laifin tsohuwa don ta riƙe buta? Ke da kika haife ni, me ya hana ki gaya min tun da wuri? Haushin ma yanzu ya tafi, ban san abin da ya maye gurbinsa ba. Mata suna ta yaba haƙurina. Ba haƙuri ba ne, kukan ne bai zo ba.

Bayan 'yan gaisuwa sun watse na gaya wa Malam Idi abin da kika raɗa min. Washegari ya tuge rumfar da hannunsa, ya kwashe karan ya kai ƙofar gida. Can yake zama yanzu, ko inuwa babu. Tsakar gida a buɗe take, babu mai kallon kowa.

Allah Ya yafe miki, Ya shayar da ke ruwan Alkausara. A can dai ki sha, Inna.

Sai mun zo.

'Yarki,
Rakiya